Amsa ga ɗalibar lauya mai son dokar waƙa da fim

Ƙanwata, kin tambaya ko tsofaffin ɗalibai za su iya taimaka muku ku koyi dokar waƙa, fim da kafofin watsa labarai. Wallahi za mu iya, mu ne ma ya kamata mu fara nemanku.

Kwanaki wani mawaƙin biki ya zo ofishina a Gusau da takarda duk ta yamutse a aljihu. Ya sa hannu bai karanta ba, ashe ya sallama haƙƙin waƙoƙinsa kaf ga mai situdiyo. Har yau abin yana ci mini rai. Irin wannan takarda nake so ki riƙe da hannunki tun kina makaranta.

Ki fara da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a 2023. Waƙa tana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, amma faifan da aka naɗa shekara 50 ne daga fitowarsa, kuma mutane da yawa suna haɗa su. Sai dokokin NBC, wato hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin.

Ku rubuto mana ta ƙungiyarku, ku nemi zama ɗaya kowane zango. Ni dai in an kira ni zan zo da kwantiragi na gaske, in goge sunaye, mu bi shi layi-layi.