Sai Da Ubangida Ake Sauraron Matashi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Daura nake, shekarata 26. Rijiyar burtsatsen unguwarmu ta fi shekara a lalace, ƙannenmu ke ta jidon ruwa kafin su tafi makaranta. Duk wanda na tuntuɓa sai ya ce in nemi ubangida a siyasa, in ba haka ba babu mai saurarona. Na fara karaya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka karaya. Ku haɗa kanku ku yi wa ƙungiyar unguwa rajista, ku rubuta takarda zuwa ga kansilanku da shugaban ƙaramar hukuma, mai unguwa ya sa hannu. Ku tafi da kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku riƙe. Idan majalisar dokokin jiha ta kira zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi, ku je da ita.

Amma zancen ubangidan nan ya ishe ni, kullum sai na ji shi. Na ga yaro mai digiri yana kwana a ƙofar gidan "honorabul", takardunsa a leda, yana jiran a leƙo a miƙo masa dubu biyu. Daga nan sai a ba shi waya da data ya dinga zagin mutane a Facebook. Wanda bai yi sa'a ba, gora da ƙwaya za a ba shi, ya wayi gari cikin kauraye. Wace shawarar gwamnati aka taɓa yankewa da shi? Ranar da ake zaman kasafi, a waje yake yana gadin mota. Kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ranar da ka karɓi kuɗinsa, bakinka ya mutu, ba za ka ƙara tambayar ina kuɗin rijiya suka shiga ba. Gyaran rijiya ba alherin kowa ba ne, haƙƙinku ne. Tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, don haka ku tambaya, babu kunya.

Sannan ka san tun 2018, da Buhari, ɗan garinku, ya sa hannu a gyaran tsarin mulki, mai shekara 25 yana iya takarar majalisar jiha? Ka wuce nan da shekara guda. Ka yanki katin jam'iyya a mazaɓarka, ka riƙa zuwa taronta, domin ta jam'iyya ake tsayar da ɗan takara.