Likita, shafa kala na kwantar min da hankali, in ajiye maganin damuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar firamare ce. Tun da maigidana ya rasa aiki barci ya ƙaurace min, gabana ya yi ta faɗuwa ba dalili. A asibiti an ɗora ni kan maganin damuwa, yau wata 2. Kwanaki na ɗauki littafin zanen autata da fensiran kalarta, ina cike zanen ina istigfari, sai na ji zuciyata ta yi sanyi. Yanzu kullum bayan isha'i nake yi. Amma yayar maigida ta ce wasan yara ne, kuma mai tawakkali na gaskiya ba ya shan ƙwayar damuwa. Wallahi maganar ta tsaya min a rai. In ajiye maganin in riƙe zanen da addu'a?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya yaye miki, Ya buɗa wa maigida. Ki ci gaba da zanenki da istigfarinki, amma kada ki ajiye maganin.

Sanyin da kike ji gaskiya ne. Mai damuwa saƙe-saƙe ke cinye shi, tunani ɗaya ya yi ta dawowa: kuɗin haya, kuɗin makaranta, me za a ci gobe. Idan aka ba ido da hannu ƙaramin aiki mai iyaka, wannan gurbi ja, wancan shuɗi, kada a tsallake layi, sai zuciya ta samu abin kamawa. A 2005 wasu masu bincike a Amurka, Curry da Kasser, sun gwada ɗalibai 84. Bayan an tayar musu da hankali, aka ba su minti 20 na shafa kala. Waɗanda suka samu zane mai tsari sun fi samun natsuwa a kan waɗanda aka miƙa wa farar takarda. Sai dai ki lura, ɗalibai ne ba majinyata ba, kuma sauƙin ɗan lokaci aka auna, ba warkewa ba.

Batun wasan yara kuwa, a tambayi yayar maigida: allon zayyanar da ake riƙewa ranar sauka, yaro ne yake zana shi? Alaramma ne mai gemu yake zama da alƙalami da tawada, ja da kore da ruwan ɗorawa, yana cike gida-gida har ya gama. Haka mai ɗinkin hula, haka mai zanen lalle. Idan hoton mai rai na sa miki shakka, nemi na furanni ko irin zanen bangon gidajen Kano da Zariya. Zikirin da kike haɗawa da shi kuma alheri ne, ba ni da ta cewa.

Inda raina yake ɓaci shi ne wannan magana ta cewa shan magani rashin tawakkali ne. Kusan kullum sai na ji ta a ɗakin duba marasa lafiya, kuma na ga abin da take haifarwa. Mace ta fara samun sauƙi, ta koma girki, ta koma kitso da zuwa suna, sai wani dangi ya ce ai raunin imani ne, ko aljanu ne, ko sammu. A watsar da magani. Bayan 'yan watanni a dawo da ita ta rame, ba ci ba magana, an sayar da akuya an kai wa mai magani a lungu, ya ba da jarkar ruwa da hayaƙin da ya ƙara mata tari. Wani ma kemis zai nufa a ba shi D5, ƙwayar nan mai sa barci, ba takardar likita, ya kamu da shan ta, amma maganin da likita ya rubuta shi ne abin kunya. Yanzu kuma ga 'yan TikTok, kowa da kwalbarsa mai maganin cuta arba'in.

Mai hawan jini in ya sha ƙwayarsa ba wanda ke tuhumar imaninsa, to me ya sa sai mai ciwon damuwa? Annabi Yaƙub (AS) baƙin cikin rabuwa da Yusuf ya sa idanunsa suka yi fari, yana nan a Suratu Yusuf aya ta 84. Akwai wanda zai ce ba shi da tawakkali? Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta a tarihin Manzon Allah (SAW). A Bukhari ya zo cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. A Tirmizi kuma, mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Ban hana addu'a ba, ban hana ruƙiyyar da shari'a ta yarda da ita ba, a yi su a ƙara. Mai cewa sai an zaɓi ɗaya tsakaninsu da asibiti ne nake faɗa da shi.

Irin wannan magani yakan ɗauki makonni kafin ya kama jiki, don haka sauƙin da kike ji a wata na biyu, akwai hannunsa a ciki. Galibi akan ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an ji garau, sannan likita ya rage a hankali. Yankewa farat ɗaya na iya kawo jiri, tashin zuciya, rashin barci, ciwon ma ya dawo. Idan kuma kika fara jin gara mutuwa, ko tunanin cutar da kanki, kada ki tsaya neman fensir, a ranar ki je asibiti. Akwai na masu wannan lalura a Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Ranar komawarki ganin likita ki roƙi yayar maigida ta raka ki, ta yi masa tambayar da bakinta.