Me ya sa kisa ɗaya aka tuhumi George Joseph Smith da shi?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa aka yi wa Smith, wani ɗan Ingila, shari'a kan mace ɗaya, alhali mata uku da ya aura ne suka mutu a bahon wanka. A Ingila ta wancan zamanin, kisa ɗaya ake tuhumar mutum da shi a shari'a guda, sai masu ƙara suka zaɓi na Bessie Mundy, wadda ta mutu a bahon wanka a garin Herne Bay a 1912.

Sai dai alƙali Scrutton ya bari a kawo labarin Alice Burnham (Blackpool, 1913) da Margaret Lofty (Landan, 1914). A ganina nan ne aka gama da Smith. Amarya ɗaya ta nitse a baho, ana iya cewa ƙaddara. Amma uku, kuma kowacce ta rubuta masa wasiyyar dukiyarta kafin ta mutu? Lauyansa Marshall Hall ya yi ta jayayya, bai ci nasara ba.

Mahaifin Alice ne ya ga labarin mutuwar Margaret a jarida, ya tsegunta wa 'yan sanda. Kotun Old Bailey da ke Landan ta sami Smith da laifi ranar 1 ga Yuli 1915, aka rataye shi a kurkukun Maidstone ranar 13 ga Agusta.