Amsoshin Malam: Sata, Fashi da 'Yan Uwansu

Wani ɗalibi daga Zariya ya ce Malam malaminmu na Turanci ya ja min jan biro don na rubuta "they stole me", wai mene laifina?

Ai cewa ka yi kai ɗin aka sace, ɗungurungum. A Turanci steal kaya yake bi, rob kuma mutum ko wuri yake bi. Mu ma haka ne, "an sace min waya" daban, "an sace ni" daban.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi tana tambaya ko sata da fashi duk ɗaya ne.

A'a 'yar uwa, kuma nan ne 'yan jaridarmu suke ban haushi. Sata a ɓoye ake yinta, mai kaya na barci ko hankalinsa na wani wuri. Fashi da makami ne ido na ganin ido. Wanda ya zare maka kuɗi a cunkoson Kantin Kwari ba ka ji ba sai da ka zo biyan mai Adaidaita ka laluba aljihu ka ji wayam, wannan sane ya yi maka. Wanda ya fizge wayar kana tsaka da magana ya ruga, ƙwace ne. Amma sai ka ji a rediyo duk an haɗa su an ce 'yan fashi, haba. Abin da ya fi damuna ma shi ne yadda muke tausasa wa manya harshe, yaro ya ɗauki akuya sunansa ɓarawo har da ihu da jifa, amma mai babbar riga ya kwashe kuɗin fansho sai a ce "almundahana" ko "sama da faɗi", ko ma wai kuɗin sun yi ɓatan dabo kamar ƙafa gare su. Sata ce, ku ce sata.

Daga ina 419 ta samo asali?

Lambar sashe ce a kundin dokar laifuka da ake aiki da shi a kudancin Najeriya, sashen da ya yi magana kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara. Mu muna da damfara, ban san me ya hana ku amfani da ita ba.

"Sata a gidan ɓarawo rance ce", me ake nufi?

Zai zo ya karɓi abinsa, har da riba.

Waye ɓarawon zaune?

Mai sayen kayan sata alhali ya sani sarai, yana shagonsa ana kawo masa cikin dare.