Travis Hunter: A Gaba Za A Ajiye Shi Ko A Baya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga Travis Hunter yana buga ɓangaren kai hari da na tsaro duka a jami'ar Colorado. Yanzu da yake ƙungiyar Jacksonville Jaguars a NFL, gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, zai iya ci gaba da haka, ko dole a tsayar masa da wuri ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A ƙwallon Amurka kowace ƙungiya tana da manyan rukuni biyu, masu kai hari da masu tsaro, kuma ɗan wasa bai cika tsallakawa daga wannan zuwa wancan ba. Hunter ya karya wannan al'ada. A kakar 2024 ya cafe ƙwallo sau 96 a matsayin mai karɓa, ya kuma ƙwace ƙwallon abokan hamayya sau 4 a matsayin mai tsaron gefe, har ya lashe kambun Heisman, wanda ake ba gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara. Shi ya sa Jaguars suka ba Cleveland Browns damarsu ta farko a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2026 da wasu ƙari domin su hau lamba ta 2 a layin zaɓe su ɗauke shi a watan Afrilun 2025.

Amma NFL ba jami'a ba ce. Wasannin kaka 17 ne, ba 12 ba, kuma wanda zai buge ka ƙato ne da ya shekara goma yana wannan sana'a. Babbar matsalar ma ba a fili take ba, a ɗakin nazari take. Masu karɓa da masu tsaro suna zaman kallon bidiyon abokan hamayya a ɗakuna daban, sau da yawa a lokaci guda. Ba a bin zomo biyu a kama duka.

Ra'ayina shi ne a mai da shi mai tsaron gefe na dindindin, a riƙa aro shi zuwa gaba a wasu dabarun da aka tsara masa. Dalili kuwa, mai karɓa ya san inda zai gudu tun kafin a fara, koci zai iya zaɓar masa hanyoyi goma ya haddace. Mai tsaro bai san komai ba sai abin da ya karanta a jikin abokin karawarsa, kuma wannan ido ba ya samuwa sai da maimaici kullum. Kuskurensa ɗaya maki ne. Haka aka yi da kocinsa na jami'a Deion Sanders: tsaro ne gidansa, amma a 1996 Dallas Cowboys suka sa shi gaba ya cafe ƙwallo 36. Champ Bailey da Charles Woodson ma sun taɓa ɓangarorin biyu a jami'a, da suka shiga NFL tsaro suka riƙe.

Jaguars dai sun fi karkata shi gaba a kakarsa ta farko, domin mai jefa ƙwallonsu Trevor Lawrence na buƙatar wanda zai jefa wa baya ga Brian Thomas. Akwai kuma batun kuɗi, wanda ba a cika faɗa ba: fitaccen mai karɓa Ja'Marr Chase na samun kusan dala miliyan 40 a shekara, manyan masu tsaron gefe kuwa wajen miliyan 30. Raunin gwiwa a wurin atisaye ya katse wa Hunter kakar 2025 bayan wasa 7, don haka koci Liam Coen zai ƙara taka-tsantsan da yawan mintunan da yake ba shi.