Shin siginar jirgin ƙasa ma tana fitar da iskar kabon?

Tambaya: Wani mai karatu daga Rigasa a Kaduna ya ce: Na ji ana cewa jirgin ƙasa bai kai mota gurɓata iska ba. To, fitilun sigina da na'urorin da ke ba jirgi hanya fa, su ma suna da nasu kason?

Amsa: Malam, suna da shi, ko da yake sigina ba ta ƙona mai da kanta. Wutar lantarki take ci dare da rana, ko akwai jirgi a kan layi ko babu, domin doka ce kada ta mutu. Fitilun kansu ba su ne matsala ba, tun da na zamani irin LED wutarsu kaɗan ce. Abin da ya fi jan wuta shi ne ɗakin kwamfutoci da na'urar da ke sanyaya shi, musamman a zafin watan Maris da Afrilu. A ƙasa irin tamu, inda wuta ke ɗaukewa, janareta ke cike gurbin, kuma kowace lita ɗaya ta dizal tana sakin kimanin kilo 2.7 na iskar kabon. Wutar gwamnati ma mafi yawanta daga iskar gas ake samo ta, sauran kuma daga madatsun ruwa irin su Shiroro da Kainji.

Akwai kuma kabon da aka riga aka fitar wajen ƙera wayoyin jan ƙarfe da batura da siminti, wanda ake sake biya duk lokacin da ɓarayi suka tone waya.

A ganina, babban tasirin sigina yana kan tafiyar jirgin ne. Layin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186 da aka buɗe a 2016, da injin dizal ake jan jiragensa. Idan sigina ta tsayar da jirgi mai nauyin ɗaruruwan tan ba gaira ba dalili, sai injin ya zuba mai sosai kafin ya sake ɗaukar gudu. A jiragen cikin birni, inda tashoshi ke kusa da juna, hakan ya fi yawaita. A wasu layukan birane kamar Landan da Paris an koma ga tsarin da jirgi ke magana da cibiyar kula da jirage ta rediyo, wanda ke taimaka masa ya san inda zai daina jan wuta ya gangara da ƙarfinsa. Tsarin yana kuma rage ƙarafa da wayoyin da ake shimfiɗawa a gefen layi.