Anime na abota da tafiya, ba faɗa ba tsafi: ga wanda za ka nema

Ɗan'uwa, ka ce kana son anime (wato fim ɗin katun na Japan) gajere na abota da tafiye-tafiye, wanda ba dambe ba tsafi, da za ka iya kalla tare da ƙanwarka 'yar sakandare. Nemi Sora yori mo Tooi Basho. Da sunansa na Turanci, A Place Further than the Universe, za ka fi saurin samunsa. Kamfanin Madhouse ne ya yi shi, Atsuko Ishizuka ta ba da umarni, an haska shi daga Janairu zuwa Maris na 2018. Kashi 13 ne kacal, kowanne kamar minti 24, wato awa biyar da 'yan kai ka gama. Ba shi da zango na biyu, kuma ba ya bukata.

'Yan mata huɗu ne. Kimari tana aji biyu na babbar sakandare a garin Tatebayashi na Japan, kullum tana cewa za ta yi wani abu kafin ƙuruciya ta wuce, kullum tsoro ya hana. Sai ta tsinci ambulan da yen miliyan ɗaya a ciki. Kuɗin Shirase ne, wadda ta tara su da aikin bayan makaranta don ta je Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya, inda mahaifiyarta ta ɓace shekara uku da suka wuce. Duk makaranta dariya ake mata. Daga baya Hinata da ta bar makaranta ta shigo, sai Yuzuki, yarinyar da ta taso a gaban kyamara ba ta taɓa yin ƙawa ba.

Inda mutane suke yin kuskure shi ne su kalli kashi biyu ko uku, su ga wasa da dariya, su ce ai shirme ne na yara. Ka daure zuwa kashi na 5. A nan ne Megumi, ƙawar Kimari tun yarinta, take fitowa da abin da ke cikinta: ashe ta saba Kimari tana rataye a wuyanta, da ta ga za ta tsaya da ƙafarta sai hassada ta shiga. Duk wanda ya taɓa samun ci gaba aboki ya canza masa fuska zai gane wurin nan. A ganina shi ne ma'aunin fim ɗin. In bai taɓa ka ba, to bar shi kawai.

Kada ka tsallake kashi, kada kuma ka sa gudu. Ƙananan abubuwa ake shukawa tun farko, a girbe su can gaba. Mafi girma cikinsu saƙonnin imel da Shirase take tura wa mahaifiyarta a waya. Suna wucewa kamar ba komai, sai kashi na 12 ya zo. Ba zan faɗi abin da ya faru ba, kai ma kar ka leƙa YouTube, don guntun wurin yana yawo kuma ganinsa shi kaɗai yana kashe armashin. Saboda saƙonnin nan ne ma ya kamata ka duba fassarar da ka samu: wasu kwafin suna fassara magana kawai su bar rubutun da ke kan allo da Japananci. In ka ga an nuna waya ba fassara a ƙasa, canza kwafi. Manhajar kallon anime ta Crunchyroll ce ta haska shi a hukumance. A sauke shi a 720p, don a 360p rubutun ba ya karantuwa.

Tafiyar kanta an yi mata bincike sosai. Jirgin sama suke bi ta Singafo, inda fasfon Hinata ya ɓata a kashi na 6, su sauka Ostiraliya su hau jirgin ruwa a Fremantle, kamar yadda masu binciken Japan na gaske suke yi. Kashi na 8 kusan duk amai ne da jiri, don tekun kudu ba ya wasa. Ka lura da yadda jirgin yake fasa ƙanƙara: hawa kanta yake yi nauyinsa ya farfasa ta, in ta yi kauri ya ja da baya ya sake afka mata, sau da yawa don ɗan taƙi kaɗan. Sansanin Syowa da suka nufa yana nan da gaske, tun 1957 Japan ta kafa shi a tsibirin Ongul ta Gabas. Sunan Shirase ma ba a banza aka zaɓa ba, Shirase Nobu ne ya jagoranci tafiyar Japan ta farko zuwa can daga 1910 zuwa 1912. Abin da aka ƙirƙira shi ne ayarin farar hula da zai ɗauki 'yan sakandare.

Batun kallo da ƙanwa kuwa, ba batsa a ciki, ba kuma wata soyayya sosai. Amma akwai gajeren siket irin na kayan makarantar Japan, manya suna shan giya a wasu wurare, sannan a kashi na 2 yaran sun je unguwar Kabukicho ta Tokyo da dare da wata dabarar wauta ta jan hankalin ma'aikatan ayarin, wadda ta watse tun kafin a fara. Ka fara kallon wannan kashin kai kaɗai ka yanke hukunci.

Ku yi kashi uku a zama, amma 11 zuwa 13 ku haɗa su a dare ɗaya.